Me ya sa masu tatsuniya da Aramiyanci suke cakuɗa "ya tafi" da "yana tafiya"?

Wani ɗan'uwa da ke karatun harsuna ya turo min tambaya, ya ce ya samu wasu tatsuniyoyin Aramiyancin zamani, wani harshe ɗan'uwan Larabci da Ibrananci, da aka rubuta daga bakin tsofaffi aka kuma fassara layi bayan layi, to abin da ya ɗaure mishi kai shi ne mai labari zai ce "ya tashi, ya tafi", kafin ka ankara ya koma "yana tafiya, yana cewa", can kuma ya shigo da wata siga da littafin nahawu ya ce ma'anarta "ya riga ya tafi", duk a labari ɗaya da aka ce ya faru tun zamanin da. Shin tsufa ne ya sa suke rikicewa, ko yaren ne ya lalace saboda gudun hijira?

To ɗan'uwa, ba rikicewa ba ne, kuma ba lalacewa ba ne. Kai ma haka kake yi da Hausa kullum, ba ka dai taɓa tsayawa ka saurari kanka ba ne. Amma bari mu fara da su waye ma ake magana a kai, don Aramiyancin zamani ba yare ɗaya ba ne. Akwai na yamma a duwatsun arewa da Dimashƙu, a Ma'lula da Jubb'adin, da can har da Bakh'a kafin yaƙin Siriya ya watsa mutanenta. Akwai Turoyo na yankin Tur Abdin a kudu maso gabashin Turkiyya, wajen Midyat. Akwai na Mandayawa a Iran wanda masu jinsa sun kusa ƙarewa. Sai kuma babban rukunin, na arewa maso gabas, karin harshe kusan 150 na Kiristoci da Yahudawa 'yan asalin arewacin Iraƙi da kudu maso gabashin Turkiyya da yammacin Iran, garuruwa irin su Zakho, Alƙosh, Ƙaraƙosh, Amadiya, Urmi, Sulaimaniyya, Sanandaj. Yawancin tatsuniyoyin da aka ɗauka daga wannan rukunin suke, kuma ina kyautata zaton naka ma daga nan ne, don haka a nan zan fi zama. Rubutun kalmomin kuma na sauƙaƙa shi ne yadda Bahaushe zai iya karantawa, ba yadda masana suke rubutawa da ɗige-ɗige ba.

Idan ka yi sarfu a makarantar zaure ka san madi da mudari'i, wato sigar abin da ya wuce da ta yanzu ko mai zuwa, fa'ala da yaf'alu. Tsohon Aramiyanci yana da su biyun kamar Larabci da Ibrananci. A Ma'lula har gobe suna nan, idmekh ya yi barci, yidmukh ya yi barci irin na buƙata ko umarni. Amma a gabas, da Turoyo da wannan babban rukunin, madi da mudari'i duk sun ɓace, kwata-kwata fa. Abin da ya maye gurbinsu shi ne ismul fa'ili da ismul maf'uli, wato sunan mai yin aiki da sunan wanda aka yi wa aikin. Daga ismul fa'ili aka samu siga irin garish, daga saiwar g-r-sh mai ma'anar ja, ita ce take ɗauke da yanzu da gaba da buƙata. Daga ismul maf'uli aka samu grish, wato "jayayye", sai a liƙa mata harafin l- ɗin nan da ka sani a Larabci na li da lahu, ta zama grishle, a zahiri "an ja gare shi", amma ma'anar yau "ya ja". Wannan ginin tsoho ne sosai, ana ganin shmi' li, "an ji gare ni", wato na ji, tun a wasiƙun Arshama gwamnan Farisa a Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da yawan masana suna ganin zama da Farisanci da daga baya Kurdanci ne ya ƙarfafa shi har ya cinye madi.

Ga wani abu da yake rikita duk mai koyo, ni ma ya rikita ni da farko. garshale ma'anarta "tana jan shi". grishale ma'anarta "ya ja ta". Ɗafa-ƙeyar nan -a da -le iri ɗaya ne a jere iri ɗaya, amma mai yi da wanda aka yi wa sun yi musanyar wuri. Idan kunnenka bai kama bambancin garsh da grish ba sai ka mayar da ɓarawo mai kaya.

Sauran kuma ƙananan ɓaɓɓaki ne da ake liƙawa. k- ko ki- ko y- a gaba, ya danganta da gari, na abin da ake yi ko aka saba yi. b- ko bid- na abin da za a yi, asalinta kalmar "so" ce ta tsuke. -wa a baya, guntun tsohon hwa ne, "ya kasance", kana ɗin Larabci ke nan, duk abin da ka liƙa wa -wa ka tura shi baya. Sai ƙam- ko kim- wanda zan dawo kansa.

Yanzu ga inda maganar take. Littafin nahawu zai jera maka waɗannan a tebur ya ce wannan na jiya, wannan na yau, wannan na gobe. A hira ta yau da kullum teburin yana aiki daidai gwargwado. A tatsuniya ba ya aiki, saboda mai tatsuniya sau ɗaya yake gaya maka lokaci, a bakin ƙofa, daga nan ya gama da maganar lokaci. Yana buɗe baki zai ce ithwa w-lithwa, ko itwa litwa, a Urmi itva litva, wato "akwai, babu" da -wa a jiki, an yi kuma ba a yi ba. Makwabtansu duk haka suke buɗewa, Kurdawa su ce hebu nebu, Farisawa yeki bud yeki nabud, Larabawa kan ya ma kan. Mu kuma ga ta nan ga ta nanku. To daga wannan kalmar kowa ya san ba yau ake magana ba. Sigogin aikatau da za su biyo baya wani aiki suke yi daban: suna nuna maka wanne ne ƙashin bayan labari, wanne ne shimfiɗa, ina aka matso kusa, ina aka ja da baya.

Duba Hausa. Mun ce "sun tafi" mun ce "suka tafi". Duk biyun abu ne da ya wuce ya kammala, amma ba za ka iya ba da labari da "sun" ba. Gwada ka ji: sun tashi, sun tafi kasuwa, sun ga jaki, sun kama shi. Wannan rahoto ne kake ba maigida, ba labari ba. Labari shi ne sai suka tashi suka tafi kasuwa suka ga jaki suka kama shi. Basakkwace zai ce sunka tashi sunka tafi. Bambancin sun da suka ba na lokaci ba ne, na sarƙa ne, suka tana cewa wannan abu yana rataye da na bayansa. Idan ka riƙe wannan a ranka rabin tambayarka ta amsu.

Bari in ƙirƙiro ɗan misali da irin karin arewacin Iraƙi, misalina ne ba daga wani littafi ba. ithwa kha malka, akwai wani sarki. ithwale tlatha bnone, yana da 'ya'ya maza uku. kudyom azilwa l-seda, kullum yakan tafi farauta. Duk -wa ne, shimfiɗa ce, babu abin da ya motsa tukuna, daidai da namu "yakan" da "yana da". Sai mai labari ya ce kha yoma, wata rana, ana nan ana nan ran nan, kuma nan take -wa ta faɗi, siga ta koma ta -le: ƙimle, zille l-shuƙa, khzele kha khmara, ya tashi, ya tafi kasuwa, ya ga wani jaki. Wannan sarƙar ta ƙimle zille khzele ita ce "suka" ɗinsu a mafi yawan garuruwa. Kuma lura da ƙimle ɗin nan. Ba wai mutumin zaune yake ya miƙe ba, kalma ce ta buɗe sabon mataki, kaman yadda muke cewa "sai ya tashi ya auri wata" ba tare da wani ya tambaya a kan tabarma yake ko a kujera ba. Na ga fassarori da suke mayar da kowace ƙimle "ya miƙe tsaye", sai ka ga sarki yana ta miƙewa sau goma a shafi ɗaya kaman mai ciwon baya.

Sai ƙam-. A tsakiyar sarƙar nan za ka ga kwatsam ƙam-shaƙille, ya ɗauke shi. Jikin kalmar shaƙil na sigar yanzu ne, shi ya sa mai koyo yake zaton an koma yanzu. Ba a koma ba. Matsalar ita ce sigar grishle tana da wahalar ɗaukar wakilin suna na wanda aka yi wa aiki, musamman ni da kai, a garuruwa da yawa ba za ka iya cewa "ya gan ni" da ita ba. Sai yaren ya samo dabara, ya ɗauki sigar yanzu wadda take ɗaukar kowane wakilin suna lafiya lau, ya sa mata ƙam- a gaba ta zama wucacciya: ƙam-khazeli ya gan ni, ƙam-khazela ya gan ta. A Alƙosh kim- suke cewa. Don haka khzele kha khmara, ƙam-shaƙille, lokaci ɗaya ne, abin da ya sauya shi ne jakin ya riga ya shigo labari, yanzu "shi" ne. Yahudawan Sulaimaniyya da Sanandaj ba su da wannan ƙam- ɗin, Turoyo ma babu. Su wata hanya suka bi, sun raba aikatau mai karɓau da maras karɓau a wucaccen lokaci, a Sanandaj grishle ya ja amma zil ya tafi zila ta tafi, ba -le, a Turoyo grishle amma damikh ya yi barci damikho ta yi barci. Wannan na gini ne ba na salon labari ba, na ambata ne don kar ka gan shi ka ɗauka wani sabon lokaci ne.

Inda abin ya fi daɗi shi ne Barwar. Barwar yanki ne na ƙauyukan Assuriyawa Kiristoci a arewacin Iraƙi dab da iyakar Turkiyya, an rushe ƙauyukan a ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, mutanen suka watsu. Geoffrey Khan na jami'ar Kambirij ya bi su ƙasashen da suka koma ya ɗauki maganarsu, ya fitar da nahawun karin a 2008, mujalladi uku, ɗaya sukutum labarai ne. Idan ka buɗe labaran nan za ka ga sarƙar sau da yawa ba ƙimle zille ba ce, ƙimele zilele ce. Wannan ita ce sigar da ka ce littafi ya fassara da "ya riga ya tafi". Gininta ismul maf'uli ne da kalmar "ne": zila ile, tafiyayye ne. A hira idan ka tambayi ina wane aka ce zilele, ana nufin ya tafi kuma ga shi ba ya nan, sakamakon ake nuna maka, kaman "sun tafi" ɗinmu. To me ya kai ta cikin tatsuniya tana jan sarƙa?

Bayanin da Khan ya bayar, kuma ni ya gamsar da ni, shi ne siga mai nuna sakamako siga ce ta wanda bai ga aikin ba, sawu ya gani. Ka dawo gida ka tarar da ƙofa a buɗe, ba ka ga buɗewar ba, ka dai san an buɗe. Daga nan taku ɗaya ne zuwa abin da aka ba ka labari, abin da ya faru tun kaka da kakanni, abin da ba ka da shaidar ido a kai. Turkanci yana da ɗafa-ƙeya ta musamman ta wannan aiki, -mish, kuma tatsuniyar Baturke da ita ake jan ta, Kurdanci da Farisanci ma suna amfani da sigar sakamako haka. Mu a Hausa ba mu sa shi cikin aikatau ba, kalma muka ware mishi, wai, an ce, ashe. To ka ɗauka ƙimele zilele kaman mai labari ne yake ɗan saka "wai" a jikin kowane aikatau ba tare da ya furta ba. Mutum ɗaya idan ya koma ba da labarin abin da ya gani da idonsa, ranar da suka bar ƙauye misali, za ka ji sigar -le ta fi yawa. Ban ce doka ce ta ƙarfe ba, a tatsuniya ɗaya za ka ga zilele da zille suna karɓeɓeniya, kuma sau da yawa bayan an jima ana amfani da siga ma'anar "wai" ɗin takan dusashe ta zama kawai muryar tatsuniya, yaro ya ji ta ya san hira ta ƙare an shiga labari.

Urmi kuma wata hanya. Kiristocin Urmi a arewa maso yammacin Iran, waɗanda karinsu ne ya zama tushen rubutaccen Assuriyancin zamani bayan 'yan mishan na Amurka sun kawo injin buga littafi a 1840, Khan ya fitar da nasu nahawun a 2016 mujalladi huɗu. A tatsuniyarsu sigar da za ta cika maka kunne ita ce irin biptakhile, gininta wata b- ce daban mai ma'anar "cikin", da masdari wato sunan aikatau, da "ne": yana cikin buɗewa. birrikhshile yana tafiya, bitayile yana zuwa, marile yana cewa. Ka ga wannan ai "yana" ɗinmu ne sak, har da sunan aikatau da muke sawa bayanta, yana tafiya yana dawowa. Mai labarin Urmi zai iya jan dogon zango da ita, abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, kaman mai sharhin ƙwallo a rediyo, yana karɓa yana yankewa yana bugawa. Bahaushe ma idan labari ya yi zafi haka yake yi, "ina shiga sai ga shi yana fitowa, yana ganina yana juyawa", ba wanda zai ce maka ai jiya ne abin ya faru gyara nahawunka. Bambancin kawai a Urmi abin ya zauna ya zama hanyar yau da kullum ta labari, ba sai wurin zafi kaɗai ba.

Aikatau ɗaya da kusan ko'ina yake ƙin bin sarƙa shi ne "ce". Ko labari yana tafiya da -le, idan aka zo zance tsakanin mutum biyu sai ka ji amir, amra, yana cewa tana cewa, a Zakho ta Yahudawa gemir, a Turoyo omir. A Turoyo ma omir ɗin nan tsirara take zuwa babu ko- ɗin da ake sawa a sigar yanzu, kuma tana maimaituwa har ta zama kaman alamar buɗe zance a rubutu. Dalilin a fili yake, zance wasan kwaikwayo ne, mai labari yana sauya murya yana zama sarki yana zama waziri a gabanka, ba ya so ya tsaya yana nisanta abin da kake ji da kunnenka yanzu.

Akwai kuma wanda ya fi ba mutane mamaki, b- ta gaba a cikin labarin baya. Tsoho yana bayanin yadda ake biki a ƙauye da, zai fara da sigar -wa ta al'ada, sai ka ji ya shiga jero bid- kaza bid- kaza. Ba gobe yake nufi ba. Yana nufin daga nan sai kaza, daga nan sai kaza. Mu ma idan tsohuwa tana bayanin auren da za ta ce "za a kai lefe, sai a sa rana, sai dangi su taru", ga "za" ga "su taru" a maganar shekara hamsin da suka wuce. Gaba a nan gaban abin da aka faɗa ne, ba gaban mai magana ba.

Da maimaici. zille zille zille, ya yi ta tafiya ya yi ta tafiya. Da kuma ɗinkin da suke yi na ɗauko ƙarshen jimla su buɗe ta gaba da shi, ya isa gida, ya isa gida ya tarar da matarsa, wanda a rubuce yake kama da kuskuren mai bugawa amma a baki murya ce take sauka a na farko ta tashi a na biyu, namu "da ya isa gida" ke nan. Wannan ne ma ya sa nake cewa kar ka yarda da rubutu shi kaɗai. Masu aikin nan na zamani suna sa alamar inda murya ta tsaya da inda aka danna, kuma idan akwai sautin da aka ɗauka ka saurara, don sau da yawa sauyin siga da sauyin murya tare suke zuwa.

Maganar lalacewa kuma, akwai ta amma ba a inda ka zata ba. Kisan 1915 da suke kira Sayfo, da kwashe Yahudawan Iraƙi zuwa Isra'ila a 1950 da 1951, da rushe ƙauyuka, da shigar 'yan IS Ƙaraƙosh a 2014, duk sun tarwatsa masu yaren zuwa Shikago da Ditiroit da Suwidin da Jamus da Ostireliya. Jikan da ya tashi a can idan ya iya yaren ma, yawanci siga ɗaya yake riƙewa ya ba da labari da ita daga farko har ƙarshe, tsaf kaman teburin littafi. Wanda yake cakuɗawa ɗin nan da ya dame ka, shi ne wanda ya ji tatsuniya a daren hunturu a bakin murhu tun yana yaro.

Don haka idan ka koma kan takardunka, kar ka tambayi kowane aikatau "yaushe". Ɗauki biro kala uku ko huɗu, ja layi ƙarƙashin masu -wa da kala ɗaya, sarƙar -le da ƙam- da wani, masu "ne" a jiki irin zilele da biptakhile da wani, sannan ka ja baya ka kalli shafin, za ka ga inda kala ya sauya nan ne aka shigo da sabon mutum, ko aka sauya wuri, ko aka shiga zance, ko aka kai ƙololuwa. Kuma ka fara tantance garin mai labarin kafin komai, don abin da yake sarƙa a Zakho ba shi ne sarƙa a Barwar ba, na Barwar ba shi ne na Urmi ba. Ka duba layin ƙarshe ma, da yawansu suna rufewa da cewa na baro su can na taho nan, theli, na zo, da -li ta mai magana, sigar ganau, daidai inda mu za mu ce ƙurunƙus.